Zaɓen masauki a cikin kurmi: ɗaki za a duba ko daji?

Mai Shirin Tafiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Mu huɗu ne muke son yin hutu a cikin kurmi, irin dazuzzukan Amazon na Amurka ta Kudu ko na tsibirin Borneo a Asiya da ruwan sama ba ya yanke musu. A cikinmu akwai dattijo mai shekara 63, kuma dare biyar muke da shi. Masaukan da nake gani a intanet duk hotunansu iri ɗaya ne: ɗakin katako, farin gidan sauro, aku a kan reshe. Da me ake bambance na kirki da na jeka-na-yi-ka?

Malam Jagora:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye hoton ɗaki tukuna. A kurmi ɗaki wurin kwana ne kawai, da asuba za ku fita, kuɗinku kuwa daji da mai shigar da ku dajin kuke biya wa. Tambayar farko da za ka yi musu ita ce: daga garin da jirgin sama zai sauke mu, awa nawa ne zuwa masaukinku? Ka nemi amsa da awa, domin kilomita a kan kogi mai lanƙwashe-lanƙwashe ba ta gaya maka komai.

Dalilin tambayar shi ne farauta. Duk dajin da mafarauci zai iya shiga da safe ya komo gida da yamma, manyan birai da aladen daji da manyan tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa su ne suke fara ƙarewa, waɗanda suka saura kuma sun koyi gudun mutum. Bishiyoyi suna nan tsaye kore shar, amma dajin ya zama kango. Masaukin da ke tafiyar awa ɗaya daga Manaus ta Burazil ko Iquitos ta Peru galibi irin wannan dajin ke kewaye da shi. Za ku ga ƙwari da kwaɗi da ƙananan tsuntsaye, za ku ji daɗin shiru, amma ban da manyan dabbobi. A yankin Tambopata na Peru ma haka abin yake: akwai masaukai daf da garin Puerto Maldonado, akwai waɗanda sai an yi sa'o'i ana haura kogi zuwa cikin gandun da gwamnati ta killace. Sunan yankin ɗaya, dajin ba ɗaya ba.

Hajiya Mai Taswira:
Ƙari a kan maganar Malam. Kada ka tsaya ga abin da suka faɗa, ka ce su turo maka lambobin wurin na GPS, ka zuba su a Google Earth ka duba hoton tauraron ɗan'adam. Ka ja hoton baya har ka ga kilomita goma ta kowane gefe. Tsohon kurmin da ba a taɓa sarewa ba yana fitowa duhu-duhu, samansa gargada-gargada, saboda bishiyoyin ba tsayinsu ɗaya ba. Dajin da aka sare ya sake tsirowa korensa ya fi haske, samansa kuma sumul. Gonar kwakwar manja ba ta ɓuya, ɗigo-ɗigo ne a jere kamar an ja su da igiya. In ka ga hanyar mota da 'yan rassa suna fita daga jikinta kamar ƙayar kifi, sara ake yi a wurin. In ka ga ramuka masu ruwan laka a bakin kogi, haƙar zinariya ce, kuma akwai ta sosai a yankin Madre de Dios na Peru.

Mutane da yawa suna zaton dajin da ya sarƙe har ba a iya kutsawa shi ne na asali. Akasin haka ne. A tsohon kurmi rassan sama sun haɗe a tsayin mita 30 zuwa 45, hasken da ke isowa ƙasa bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, don haka ƙasan a buɗe take, ana tafiya a sake tsakanin manyan gindaye. Sarƙaƙiyar ƙananan itatuwa alama ce ta wurin da aka taɓa buɗewa rana ta shiga.

Alhaji Mai Ja:
Malam Jagora, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba. Kogin Kinabatangan na jihar Sabah ta Malesiya, a tsibirin Borneo, ya rushe wannan ƙa'idar. In Hajiya ta duba shi a taswirarta za ta ce kada a je, domin siririn daji ne a bakin kogi, gonakin kwakwar manja sun matse shi hagu da dama. Amma a duk Borneo da wuya a sami inda ya fi shi sauƙin ganin dabbobi daga cikin jirgin ruwa: birai masu dogon hanci da ke taruwa a bishiyoyin gaɓa da yamma, babban jan birin nan orangutan, kada, wani lokaci har garken ƙananan giwayen Borneo. Kuma daga garin Sandakan tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Malam Jagora:
Gaskiyarka, Alhaji, kuma ya kamata a faɗi dalilin. Dabbobin sun taru a bakin Kinabatangan ne domin ba su da wurin zuwa, an cinye dajin da ke bayansu. Ga wanda burinsa ya ga dabba da idonsa ba tare da wahalar tafiya ba, wurin ya dace ƙwarai. Ga wanda yake son ya tsaya a gindin bishiyar da ta haura mita sittin ya ji yadda kurmi yake tun fil azal, sai Danum Valley, gandu mai faɗin murabba'in kilomita 438, tafiyar sama da awa biyu a mota daga garin Lahad Datu, shi ma a Sabah. A can dabbobin suna da fili, sai an neme su da ƙafa, kuma akan wuni ba a ga babba ko ɗaya ba. To ka ga dole mai tambaya ya fara yanke shawarar abin da yake so ya gani.

Mai Shirin Tafiya:
Gaskiya abin da ya fi jan hankalinmu shi ne damisar nan ta Amurka ta Kudu, jaguwa. Sai kuma manyan aku masu launi.

Mai Kallon Tsuntsaye:
Yaya, in jaguwa ce a gaba, kurmi ba wurinta ba ne. Tana nan a Amazon, amma ganinta sa'a ce, wani lokaci a kan yashin gaɓa da rani in ta fito shan hantsi. Inda ake ganinta a kai a kai shi ne Pantanal, babbar fadamar Burazil, musamman kewayen Porto Jofre tsakanin Yuli da Oktoba, kuma can fili ne da ruwa, ba kurmi ba. Duk masaukin kurmin da ya yi maka alkawarin jaguwa, ka yi shakkar sauran maganganunsa.

Aku kuwa akwai hanya. A kurmi ganye ne ke rufe komai, saboda haka masauki mai daraja shi ne wanda yake da wuraren da daji ke buɗewa. Na farko hasumiyar kallo ko gadar igiya a saman bishiyoyi, domin yawancin tsuntsaye da birai a can sama suke rayuwa, daga ƙasa ciwon wuya kawai za ka samu. Ka tambayi tsayinta, in ba ta kai mita 30 ba, ba ta fita daga cikin ganye ba. Ka tambaya kuma ko tasu ce ko ta haya, domin in ta haya ce ba za ku samu hawa da ƙarfe shida na safe ba, lokacin da ake ganin abin kirki. Na biyu gangaren laka a bakin kogi inda aku ke sauka cin ƙasa, abin da mutanen Peru ke kira collpa. Yammacin Amazon yana da nisa da tekun Atlantika, abincinsu ba shi da isasshen gishiri, shi suke nema a lakar. Chuncho da Colorado a kogin Tambopata su ne sanannu. Ana tashi tun da duhu, a zauna shiru a ƙetaren kogi, in kuma an wayi gari da ruwan sama tsuntsayen ba sa sauka. Shi ya sa masaukin da ke kusa da gangaren ya fi, kuna da damar sake gwadawa washegari. Na uku tafkin da kogi ya bari bayan ya sauya hanya. Ruwansa a kwance yake, ana shiga da kwalekwale ba inji, a nan ake ganin manyan karnukan ruwa masu kusan tsawon mutum, kamar a tafkin Sandoval. A kurmin Kwango kuwa abin da ke yin wannan aikin shi ne filayen da ake kira bai, irin Dzanga Bai a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda giwayen kurmi ke taruwa shan ruwa mai gishiri.

Baba Matuƙi:
'Ya'yana, duk kun yi maganar daji kun bar kogi, alhali kogi ne ke yanke yadda hutun zai kasance. A Manaus bambancin cikar ruwa da janyewarsa a shekara yakan kai mita goma, har ya wuce. Yana cika maƙil wajen Yuni, ya yi ƙasa sosai a Oktoba da Nuwamba. A Iquitos cikar tana riga zuwa, wajen Afrilu da Mayu, janyewar kuma wajen Satumba. Lokacin cika ruwa yana shiga cikin daji, hanyoyin ƙafa da yawa suna nutsewa, sai a riƙa yawo da kwalekwale tsakanin bishiyoyi, kai da rassan sama kun kusanci juna da mita goman nan. Ga dattijo wannan ya fi sauƙi, a zaune zai yi kallonsa. Lokacin janyewa kuma tafiyar ƙafa ce, yashi ya fito, kada da kunkuru da tsuntsayen ruwa sun taru a ɗan ruwan da ya rage, amma ƙananan rafuka sun ƙafe, jirgi ba ya isa ƙofar wasu masaukan. A Oktoban 2023 kogin Negro ya yi janyewar da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna shi a Manaus a 1902, a 2024 kuma ya ƙara yin ƙasa da haka, garuruwa da yawa suka yanke daga duniya. Don haka ka tambaye su kai tsaye: a watan da za mu zo, jirgi yana isa har matakalarku, ko akwai tafiyar ƙafa? In akwai, minti nawa, kuma wa zai ɗauki kaya?

Hajiya Mai Taswira:
Baba ya tuna mini da launin ruwa. Kogunan Amazon iri-iri ne. Waɗanda suka gangaro daga tsaunukan Andes, irin su Solimões da Napo da Madre de Dios, ruwansu mai laka ne, yana ɗauke da taki, don haka kifi da tsuntsaye da birai sun fi yawa a gaɓarsu, sauro ma haka. Kogin Negro kuwa baƙi ne kamar shayin da ba madara, ruɓaɓɓen ganye ne ya rina shi, kuma yana da tsami, tsutsar sauro ba ta jin daɗinsa. Masaukan da ke kansa sun fi daɗin zama da yamma, amma dabbobin sun fi ƙaranci. A ƙasan Manaus kogin Negro da Solimões suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kusan kilomita shida ba su gauraya ba. Kowane ɗaya ka zaɓa akwai abin da ka bari.

Wani abu da ake mantawa: a kudancin Amazon, wajen Tambopata da Manu, tsakanin Mayu da Satumba iska mai sanyi takan taso daga kudu, suna kiranta friaje. Zafin da ya saba kai digiri 32 sai ya faɗo kusan 10 na kwana biyu ko uku, ga ɗakuna ba tagar rufewa. A sa rigar sanyi ɗaya a jaka, a kuma tambaya ko suna ba da bargo.

Likita:
Bari in shigo da nawa ɓangaren, domin wasu abubuwan sai an fara su makonni kafin tafiya. Rigakafin zazzaɓin shawara ba ya fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka tsohon kati yana nan da ƙarfinsa. Ana buƙatar kariyarta a Amazon da kurmin Afirka. A Borneo babu cutar, sai dai Malesiya tana neman katin ga wanda ya fito daga ƙasar da ake samunta.

Maganin kariya daga maleriya iri uku aka fi bayarwa, kuma lokutan shansu sun bambanta, nan ne ake kuskure. Atovaquone-proguanil ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin shiga, kullum ɗaya tare da abinci, a ci gaba kwana 7 bayan fitowa. Doxycycline shi ma kwana 1 ko 2 kafin shiga, amma sai an yi mako 4 bayan fitowa, yana sa rana ta ƙona fata da sauri, kuma ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro. Mefloquine sau ɗaya ne a mako, a fara mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, a ci gaba mako 4 bayan dawowa, ba a ba mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa fama da taɓin hankali ko tsananin damuwa. Wasu daga cikin waɗanda suka kamu sun daina sha ne da zarar sun bar dajin, alhali ƙwayar tana cikin hanta ba ta fito ba tukuna. Ba kowane yanki ne haɗarinsa ɗaya ba, sai likitanku ya duba takamaiman wurin. Kada kuma a ce Borneo babu komai: a Sabah akwai maleriyar knowlesi da sauro ke ɗaukowa daga birai, tana ninkuwa a jini duk awa 24.

Sauron dengi da rana yake cizo, ba shi da ƙwayar kariya, sai man shafawa mai DEET kashi 30 zuwa 50, ko picaridin kashi 20. A fesa wa tufafi permethrin mai ƙarfin kashi 0.5 a bar su su bushe kafin a shirya jaka. Akwai kuma ƙyashi, wanda ya fi sauro ƙanƙanta har yana ratsa ramukan gidan sauro na yau da kullum, cizonsa na iya jawo gyambon lishmaniya da ba ya warkewa da kansa da wuri. Ka tambayi masaukin ko gidajen sauronsu masu ƙananan ido ne, kuma ko an jiƙa su da magani.

Mai Shirin Tafiya:
Likita, Allah ya saka da alheri. Dattijon namu bai taɓa yin allurar shawara ba, kuma yana shan maganin hawan jini.

Likita:
To a nan sai a yi hattara. Allurar tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kuma wanda ya kai shekara 60 yana yinta karon farko ya fi matasa haɗarin mummunar illa, ko da yake ba kasafai take faruwa ba. Ba haramun ba ce gare shi, amma likitan da ya san tarihinsa ne zai auna. Takardar uzuri tana iya wuce da shi a filin jirgi, ba ta hana sauro cizonsa. In likita ya ce kada a yi, Borneo ta fi muku Amazon. Game da hawan jini, zafi da laima mai kai kashi 90 cikin ɗari suna sa gumi ya zuba ba ya bushewa, mai shan maganin da ke sa fitsari yana iya bushewa da sauri jininsa ya faɗi. Lita 3 zuwa 4 na ruwa a wuni, da 'yan fakitin gishiri da sukari na ORS a jaka. Magungunansa su kasance a jakar hannu cikin leda mai zif, da rarar kwana biyar.

Alhaji Mai Ja:
Kun ga abin da nake gudu ke nan. Malam Jagora ya ce a yi nisa, yanzu ga dattijo mai hawan jini. Awa shida a kogi zuwa masauki, awa shida ne kuma zuwa asibiti, da dare ma ya fi haka. Ni ina ganin ga wannan tawagar kada a wuce awa biyu zuwa uku.

Malam Jagora:
Na amince, kuma akwai masaukan da suka haɗa biyun. A Ekwado daga Quito jirgin sama bai kai awa ɗaya ba zuwa Coca, daga nan kusan awa biyu a jirgin ruwa mai inji a kogin Napo, sai ga ku a bakin gandun Yasuní. Abin da ke tsare daji ba nisa kaɗai ba ne, har da wanda ke gadinsa. Inda mutanen wurin suka mallaki masaukin suka kuma hana farauta a ƙasarsu, kamar al'ummar Kichwa ta Añangu a Yasuní, dabbobi suna dawowa ko da wurin bai yi nisa can ba.

Amma nisa ko kusa, a yi musu tambayoyin gaggawa a rubuce. Da me kuke kiran taimako in babu sabis, rediyo ko wayar tauraron ɗan'adam? Akwai jirgin ruwa da matuƙi da mai a ajiye da dare? Wane asibiti ne mafi kusa da ke da maganin dafin maciji? Masauki mai tsari zai amsa da sunan gari da adadin sa'o'i. In aka ce maka "kada ka damu, ba a taɓa samun matsala ba", ba a amsa ba.

Likita:
Tun da an ambaci maciji: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa jirgi. Macijin da ya fi sara a Amazon, Bothrops atrox, dafinsa yana ruɓar da nama, ɗauri kuwa yana ƙara ɓarnar. Yawancin sara a ƙasa da gwiwa ne, dogon takalmin roba yana tare mafi yawansa. Inshorar tafiya kuma a karanta ta da kyau a ga kalmar kwashe majiyyaci daga wuri mai nisa, a kuma bayyana hawan jinin tun wajen saye, in ba haka ba suna iya ƙin biya.

Baba Matuƙi:
Kuma ku sani, jirgin ruwan ya fi macijin haɗari. Ku dubi hotunan da baƙi suka ɗauka da kansu: kowa yana sanye da rigar kariya daga nutsewa? Jirgin yana da rumfa? Doguwar tafiya tana son inji biyu ko ɗaya a ajiye, domin kututturan da ke yawo ƙarƙashin ruwa suna karya farfela. Kayanku su shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa, ko babbar leda biyu a cikin jaka. Wasu masaukan suna ƙayyade nauyin kaya, su ajiye muku manyan akwatuna a ofishinsu na gari, a tambaya tun da wuri.

Ɗan Kyamara:
Maganar wuta. Yawancin masaukan sola ne da janareta, wutar tana zuwa na wasu sa'o'i, wani wurin ma a zauren cin abinci kaɗai ake caji. A tambayi awannin, a tambaya ko fanka tana aiki har safe. Wanda ke kwana da na'urar taimakon numfashi ko yake da insulin mai son firiji, wannan ce tambayarsa ta farko. Batirin ajiya na hannu a jakar hannu ake shiga da shi jirgin sama, kuma iyakar da aka saba ita ce 100Wh, wato kusan 27,000mAh. Tocilan goshi ga kowane mutum, ba ɗaya ga tawaga ba. Madubin hangen nesa 8x42 wanda ruwa ba ya shiga shi ne daidai, domin ƙasan kurmi duhu ne, mai ƙaramin gilashi ba ya tara haske. Shi ma kowa da nasa, biri ba ya jira a miƙa wa na kusa. A kula, DEET yana narkar da roba, a wanke hannu kafin a taɓa kyamara.

Ni kuma ina ba da shawarar a guji ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Ka fito da kyamara daga sanyi zuwa laima, gilashin ya yi raɓa ciki da waje, sai ka yi kusan rabin awa kana jira, daidai lokacin da tsuntsaye ke motsi. Ga ƙarar janareta duk dare tana rufe kukan daji.

Hajiya Mai Taswira:
Ƙanena, ka yi wa kyamara adalci ka manta da mutum. Dattijon da bai yi barci ba saboda zafi ba zai tashi ƙarfe biyar ba. Raɓar gilashi tana da magani: a sa kyamarar a jaka mai zif da 'yan ƙullin silika masu tsotse laima, a bar ta a banɗaki ko baranda inda sanyin bai kai ba. Sai dai na yarda cewa a cikin kurmi sosai dare yana sauka zuwa digiri 22 ko 24, ɗaki mai dogon rufi da raga ta kowane gefe da fanka ya wadatar. Abin da za a guje wa shi ne ɗaki mai rufin kwano, gajere, a filin da aka share bishiyoyinsa. Akwai kuma masaukan da ɗakinsu bango uku ne, na huɗun a buɗe yake ga daji. Wasu suna son haka, wasu ba sa runtsawa. A nuna wa kowa hoton kafin a biya. A tambayi tazarar ɗaki da zauren abinci da yawan matakala, domin katako mai laima yana da santsi, a nemi ɗaki mafi kusa ga dattijo.

Malam Jagora:
Saura babban abu, wato jagora. Daji ɗaya, mutum biyu: ɗaya zai wuce da ku awa uku ku ga ganye, ɗayan zai ji ƙara ya tsaya ya nuna muku abin da ke saman kanku. A tambaya mutum nawa ake haɗa wa jagora ɗaya. Shida ya yi, takwas iyaka ke nan. In sun kai goma sha biyu a siririyar hanya, na gaba uku ne ke gani, na baya sai labari. Masaukai masu kyau suna haɗa mutum biyu, ɗan yankin da ya san sawu da kuka, da masanin da ke jin harshen da kuke ji. A tabbatar da harshen a rubuce, domin a Peru da Ekwado Sifaniyanci ne, a Burazil Fotugis. Ku huɗu ne, ku tambayi kuɗin jagora naku na kanku, sai ku yi tafiya daidai ƙarfin dattijo ba tare da an matsa masa ba.

Ku nemi jadawalin kwana-kwana. Na kirki yana da fita kafin ƙarfe shida, hutu daga sha ɗaya zuwa uku lokacin da daji ke yin tsit, fita da la'asar, da yawon dare da tocila. Ku ƙirga da kyau: abin da suke kira kwana huɗu dare uku, cikakkun wuni biyu ne kacal, na farko da na ƙarshe hanya ta cinye. Da darenku biyar kada ku raba su masauki biyu masu nisa da juna, za ku ƙarar da hutun a jirgi.

Mai Kallon Tsuntsaye:
Akwai alamar da ke sa ni soke masauki nan take: hoton baƙo rungume da dabbar daji, ko maciji a wuya, ko ana ba dolfin kifi a baki. Dabbar da ke zama a hannun baƙo kamo ta aka yi, sau da yawa bayan an kashe uwarta, kuma ba ta daɗewa. Inda ake haka, jagororin ba su da dalilin koyon neman dabba a daji. Don sanin gaskiyar abin da ake gani a wuri, a duba eBird da iNaturalist, shafukan intanet da mutane ke rubuta tsuntsaye da dabbobin da suka gani, a nemi sunan masaukin, za a ga abin da baƙi suka rubuta da kwanan wata, a duba watan da za ku je.

Hajiya Mai Taswira:
Kafin a ba da kafin alƙalami, a sa su lissafa abin da ke cikin kuɗin: ɗauko ku daga filin jirgi, kuɗin shiga gandu, hawa hasumiya, zuwa gangaren aku, takalman roba, ruwan sha. Sau da yawa mai araha ya cire rabin waɗannan ne. Ruwan sha a tambaya ko tacewa suke ko tafasawa, da wane ruwa kuma ake ƙanƙara da wanke ganye. Abincin da wani ba ya ci a faɗa tun yanzu, domin kayan girki a jirgi suke zuwa, ba kasuwa a kusa. A karanta sharaɗin fasawa, musamman in kogi ne ya hana zuwa. Sharhin baƙi kuma a karanta na watanni shidan baya, a fara da masu tauraro uku, su ne suka fi faɗin daɗi da rashinsa tare.

Mai Shirin Tafiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Za mu fara da likita. In ya yarda da allurar, Napo ko Tambopata, in bai yarda ba, Sabah. In Sabah ɗin ce, akwai abin da ya bambanta a shiri?

Alhaji Mai Ja:
Matsattsaku. A Danum suna nan a ganye da ƙasa, musamman bayan ruwa. Ba sa sa cuta, amma wurin cizon yana daɗe yana zubar da jini, don haka in dattijo yana shan maganin tsinka jini a gaya wa likita. Ana sa safar matsattsaku, doguwar jakar yadi mai saƙa a matse da ake zurawa a kan wando a ɗaure a gwiwa. In ta kama, a tura farce a ƙarƙashin bakinta a zame ta, ban da gishiri ko wuta, domin suna sa ta amayo cikin raunin. Gabashin Sabah ya fi ruwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuma a nan kaɗai zan saɓa wa Malam kan raba kwanaki: dare biyu a Kinabatangan, uku a Danum, hanyar mota ce ta haɗa su ta Lahad Datu, ana yinta a wuni ɗaya.

Baba Matuƙi:
Ko ina kuka zaɓa, kada ku sa jirginku na komawa gida a ranar da za ku fito daga daji. Hazo yana hana ƙananan jirage tashi da safe, ruwan dare ɗaya yana yanke hanyar Danum ko ya cika kogi da itace har matuƙi ya rage gudu. Ku bar dare ɗaya a gari tsakanin fitowa da babban jirgi. Haka wajen shiga: jiragen ruwan masaukai suna tashi ne a ƙayyadadden lokaci, galibi kafin azahar, don su isa da sauran haske, wanda jirginsa ya sauka da yamma sai washegari. Ku tambayi ƙarfe nawa jirginsu na ƙarshe yake barin gari kafin ku sayi tikiti.